Gungumen da Na Kawar a Gandun Daji

Ina da shekara ashirin da biyar aka ɗauke ni aikin malamin gona, aka tura ni ƙasar Tsafe. Gidanmu yana Bungudu, amma a lokacin ina zaune a Damba, cikin Gusau, a wani ɗaki da yayana ya ba ni kusa da zauren gidansa. Wata uku da fara aiki ofis ya ba ni babur, irin dogon nan mai tayoyi masu haƙora wanda aka yi domin hanyar daji. Ko keke ban taɓa mallaka ba kafin wannan. Ranar da na kawo shi gida sai da na wanke shi sau biyu, alhali babu abin da ya taɓa shi.

Ƙauyuka uku daga cikin waɗanda nake zagayawa suna bayan wani gandun daji na gwamnati. In ka bi titi ka zagaya, sai ka yi fiye da awa ɗaya kafin ka kai na farko. In ka ratsa ta cikin gandun, minti ashirin sun ishe ka. Wannan kafin dazuzzukanmu su zama wuraren da ake ambata da murya ƙasa-ƙasa. A lokacin mata na shiga tsintar kaɗanya, makiyaya na wucewa da shanu, ba wanda ke waiwaye.

Gandun yana da hanyoyi, kowace da masu ita. Akwai burtali ta gefen yamma, na dabbobi. Akwai 'yan siraran hanyoyin ƙafa da mata suka taka suka fitar. Akwai kuma hanyar babura da kekuna, wadda ake ganewa da jan fenti da aka shafa a jikin itatuwa daidai ƙirjin mutum. Can tsakiyar daji wannan hanya ta rabu biyu. Ta sama tana hawa tudu ta zagaye wani dutse, ta ƙasa tana bin gefen wani kwazazzabo, ta fi gajarta, su haɗu a gindin dutsen.

Mai kula da wannan duka mutum ɗaya ne, malamin daji, wani dattijo siriri mai furfura a gemu, da kakin da wanki ya cinye launinsa, da baƙin keke mai kariya a baya. Bukkarsa tana bakin gandun, inda hanya ta rabu da titi. Shi da kansa yake sabunta jan fentin duk bayan damina, da gwangwani rataye a kan keke da tsumma ɗaure a sanda.

Ranar da na fara bi ta wurin ya ɗaga mini hannu. Na tsaya ban kashe babur ba.

"Sannu da aiki, Malam. Kai ne sabon malamin gona?"

"Ni ne, Baba."

"To madalla. Kashe mashin ɗin mu gaisa, kunnena ba shi ji sosai."

Na kashe ba da son raina ba. Ya tambayi garinmu, ya tambayi lafiyar iyayena kamar ya san su. Sannan ya nuna daji da haɓa.

"Dokar wanga daji ba ta da yawa. Ka bi ja. In ka daina ganin ja, ka ɓace, ka koma baya. In ka kai rafi ka rage gudu, mata na ƙetarewa da kaya a ka. In kana shan taba ka sha kafin ka shiga. Inda kuma ka ga na gitta itace, na rufe ke nan, akwai dalili."

"Na ji, Baba."

Na ji ɗin, amma a zuciyata dariya nake yi. Ina da difloma a aikin gona, na karanta zaizayar ƙasa da turanci, na ci jarrabawa a kai. Ga wani tsoho da bai fi ya rubuta sunansa ba yana koya mini yadda ake bin hanya. Duk da haka muka saba. In na wuce yakan tsayar da ni ya miƙo mini ɗanyar gyaɗa ko goruba, wani lokaci ya tambaye ni maganin gara. Ni kuma ina amsa masa a tsaitsaye, ƙafa ɗaya a ƙasa.

Ina da wani aboki da muka yi sakandare tare, yana da shagon kayan gyaran babura a Gusau. Shi ya fara cewa irin wannan mashin ba a yi shi don kai taki ƙauye kawai ba. Dokar ofis ita ce babur na aiki ne, ranar Asabar da Lahadi yana gida. Amma wa zai zo Damba ya duba? Sai muka mayar da Asabar ranar shiga gandu, shi da nasa, ni da na gwamnati.

Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa jin daɗin wani abu kamar wannan ba. Akwai inda hanya ke bi ta cikin rairayi, ƙafar baya ta riƙa wutsil-wutsil sai ka miƙe tsaye ka danna totur. Akwai inda take hawa falalen dutse, in ka kai sama ka hango gonakin dawa har iyakar ganinka. Rassan marke na dukan kafaɗarka, zabi na tashi a gabanka, iska na cika maka riga. In muka fito sai mu zauna a bakin titi muna haki muna gardamar wanda ya riga wani. Dattijon bai hana mu ba. Ya ce hanya ta kowa ce, mu dai bi ja.

Kwazazzabon nan na hanyar ƙasa kuwa kowace damina sai ya ci gaba. Ruwa na gangarowa daga tudu ya yanki gefensa, har ya zamana tsakaninsa da hanya bai fi taki biyar ba. Dattijon ya rubuta wa manyansa ta hannun wani malamin makaranta, ba a zo ba. Sai ya tashi ya yi abin da zai iya. A bayan bukkarsa ya kafa rumfa, ya jera ledoji cike da ƙasa, ya shuka maɗaci da bagaruwa da dogon yaro. Rani guda yana ɗebo ruwa daga rafi a jarka biyu a kan keke, safe da yamma, yana ba su. Na sha ganinsa yana turo keken a hawa, jijiyoyin wuyansa sun fito.

Da ruwa ya zauna ya tara mutanen ƙauye suka yi gayya, suka dasa su layi-layi a gefen kwazazzabon da kan tsohuwar hanyar kanta. Ni ma ina wurin. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai in na tuna. Shi ya roƙe ni in zo in nuna musu tazarar da za a bari tsakanin dashe da dashe, tunda ni ne mai karatun. Na zo da igiyar awo, na yi ta ba da umarni hannuna a aljihu. Da aka gama suka jawo wani gungumen marke da iska ta kayar, suka gitta shi a bakin hanyar ƙasa. Dattijon ya rataya wani guntun kwano a reshensa, an rubuta da jan fenti: AN RUFE.

"Shekara biyu nake so, Malam," ya ce mini yana goge hannu a kakinsa. "In suka yi shekara biyu ba a taka su ba, sun kama ƙasa ke nan."

"Za su kama, Baba," na ce.

Asabar ta biyu bayan haka muka shiga da abokina da hantsi. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ƙasa ta yi laushi. Muka yi sharaɗi kamar kullum, wanda ya fara kai gindin dutse shi ne gwani. Tun a rafi ya wuce ni, ya watsa mini taɓo a fuska yana dariya. Da na iso inda hanya ta rabu ina jin ƙarar mashin ɗinsa ta yi nisa a hanyar sama. Makonni uku a jere yana riga ni, kuma ba ya barin maganar ta kwanta.

Na tsaya a gaban gungumen. Ba cikin ruɗewa na yi abin da na yi ba, na sani sarai. Na kafe babur, na sauka, na kama ƙarshen gungumen na ja shi gefe har sai da bayana ya yi ƙara. Kwanon ya faɗo, na ɗauka na wurga shi cikin ciyawa. Na ce wa kaina zan bi tsakanin layuka, ai ni na auna tazarar, na san babur zai wuce. In na dawo in mayar da itacen, ba wanda zai sani.

Layi biyu na farko na bi a hankali. Daga nan na tuna abokina yana can yana cin hanya, na ƙara wuta. Ƙafar baya ta zame, na ji ta hau kan dashen. Ban tsaya ba. Ina jin su suna karyewa a ƙarƙashina, ƙananan abubuwa da ba su kai gwiwa ba, taya na tone su tana watso ƙasa. Da na karkata don in koma tsakanin layi sai na matsa bakin kwazazzabo, ƙasar wurin ta burme da ni da babur gaba ɗaya.

Da na dawo hayyacina ina kwance a ƙasan ramin, cikin laka, babur yana kan ƙafata ta hagu, man fetur na ɗiga. Na yunƙura in janye, wani irin zafi ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa. Na yi ta kiran abokina, amma yana can gindin dutse yana jirana, bai san komai ba.

Dattijon ne ya zo. Daga baya ya ce yana cikin daji yana duba wani wuri da aka sari ɗanyen itace, sai ya ji ƙarar mashin a inda bai kamata a ji ta ba, sannan ya ji ta yanke. Na ga kansa ya leƙo daga sama. Kafin ya dube ni sai da ya dubi bayansa, inda na biyo. Bai daɗe yana kallo ba. Ya zamo ya gangaro da baya.

"Innalillahi. Kada ka motsa, Malam. Kada ka motsa."

Ya sa kafaɗa ya ɗaga babur ɗin ya ture shi gefe. Ya shafa ƙafar a hankali, ya ce ta karye ƙasa da gwiwa. Ya sari sanduna biyu da 'yar addarsa, ya yaga hannun rigarsa, ya ɗaure. Sannan ya durƙusa ya ce in kama wuyansa. Mutumin da ya haura sittin ya goya ni ya bi ta inda ramin ya fi sauƙin hawa, yana zamewa yana dafa ƙasa, ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar. A sama ya kwantar da ni a inuwa, ya hau keke ya je wata gona ya samo amalanken shanu. Duk tsawon hanyar zuwa titi yana tafe a gefena yana riƙe da ƙafar don kada ta girgiza. Ko sau ɗaya bai ambaci dashen ba.

A asibiti a Gusau aka sa mini filasta. Kwana na uku shugaban sashenmu ya zo dubiya. Bayan gaisuwa ya ce an ciro babur, ya lalace sosai, kuma za a so a san abin da ya kai kayan gwamnati daji ranar Asabar. Ya ce in rubuta bayani. Ya ƙara da cewa ban cika shekara ba, ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, in yi tunani sosai kafin in rubuta.

Da ya fita abokina ya matso kujerarsa.

"Ka ce wani manomi ne ya aiko tsutsa ta faɗa wa masararsa, ka tafi dubawa. Ka ce hanyar da ka saba bi ce, ba ka ga wata alama ba."

"Akwai alama. Ni na kawar da ita."

"Wa ya gan ka?"

Ba na so in ɗora masa. Shawara ya bayar, hannuna ne ya riƙe biro. Na rubuta shafi ɗaya da rabi da kyakkyawan turanci, na ce babu itace, babu allo, babu abin da ya nuna an rufe hanya. Na karanta sau biyu na gyara waƙafi, na sa hannu.

Na zaci maganar ta ƙare a nan. Bayan wata ɗaya da rabi aka kira ni gaban wani ɗan kwamiti, domin ofishinmu ya rubuta wa na gandun daji cewa sakacin ma'aikacinsu ya jawo asarar babur da raunin ma'aikacinmu. Na shiga da sanda. Mutum huɗu ne a bayan tebur, har da shugabana da wani babba daga ɓangaren daji. Dattijon yana zaune a benci a gefe, ya sa kakinsa mai dama-dama, hularsa a gwiwa. Da ya gan ni ya miƙe ya matsa mini wuri.

"Ya ƙafa, Malam?"

"Da sauƙi, Baba."

Aka karanta bayanina, aka fassara masa. Babban nasu ya tambaye shi ko ya rufe hanyar.

"Na rufe, Yallaɓai. Da gungume da kwano."

"To ga malamin gona ya ce bai ga komai ba."

Dattijon ya juyo ya dube ni. Babu fushi a fuskarsa. Kallo ne irin na wanda yake zaton an yi kuskure wajen fassara, yana jiran a gyara.

"Malam, ba ka ga gungumen ba? Wanda muka gitta tare?"

Fanka tana juyawa a sama. Na san in na ce na gani, aikina ya tafi, in koma Bungudu in kalli mahaifina da ya sayar da shanu biyu ya yi mini karatu. Na dubi tebur.

"Ranar dai ban ga komai ba, Baba."

Ya ɗan jima yana kallona. Sannan ya mayar da idonsa kan hularsa.

"To," ya ce. "Allah ya ƙara sauƙi."

Babban nasu ya yi masa faɗa a gabanmu, irin faɗan da ake yi wa yaro. Ya ce tsufa ya kama shi, ya ce ya dasa itatuwa a kan hanya ba da izini ba. Ba a kira ko mutum ɗaya daga waɗanda suka yi gayyar ba. Kafin wata ya ƙare aka ɗauke shi daga gandun da ya yi shekaru sama da ashirin yana tsaro, aka kawo shi Gusau gadin ƙofar wani sito na ma'aikatarsu. Iyalinsa suna ƙauyensu kusa da Mada, shi yana kwana a ɗakin gadi. Ni kuwa aka gyara mini babur, da shekara ta cika aka tabbatar da ni.

Siton yana kan hanyar da nake bi daga Damba zuwa tasha. Sau ɗaya na hango shi zaune a kan benci a bakin ƙofa, hannuwansa a kan cinya, yana kallon motoci. Daga ranar na canza hanya. Gandun ma na daina ratsawa, na koma zagaye ta titi, na ce wa mutane ƙafata ba ta son gargada.

Mahaifina ne ya ɓata mini wannan lissafi. Bayan kaka ya zo Gusau da buhun gero da sabuwar riga a leda. Ya ce tun ina asibiti yake da niyyar zuwa ya gode wa mutumin da ya goyo ɗansa, aikin gona ya hana shi. Ya ce in kai shi. Na ce an canza masa wurin aiki. Ya ce to in kai shi inda aka mayar da shi. Dole na kai shi.

Dattijon ya tarbe mu kamar manyan baƙi. Ya ba mahaifina bencin, shi ya zauna a kan bulo. Suka gaisa suka sake gaisawa. Mahaifina ya yi ta godiya, ya ce ba shi da abin da zai biya shi. Dattijon ya ce ai ɗa na kowa ne in aka same shi cikin wahala, ba wani abu ya yi ba. Ni ina tsaye a jikin ƙofa.

"To Malam," in ji mahaifina, "me ya raba ka da daji, ga shi an ce ka san shi kamar gidanka?"

"Aiki ne, Alhaji. Inda aka aje ka nan kake zama."

Bai dube ni ba da ya faɗi haka. Ina jin rashin kallon ne mahaifina ya lura da shi. Da muka fito muka nufi tasha, sai ya tsaya a gindin wata bishiya.

"Tun da muka shiga ba ka haɗa ido da mutumin nan ba. Me ke tsakaninku?"

Na faɗa masa duka, a tsaye a bakin titi, masu acaɓa na wucewa. Bai katse ni ba. Da na gama ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar.

"Kuma ka bari na zauna a bencinsa ina yi masa godiya da gero."

"Alhaji, tsoro na ji. Aikin..."

"Da an kore ka, da gona tana nan. Gobe ka koma inda ka yi ƙaryar ka warware ta."

Bai bari na raka shi cikin tasha ba.

Washegari na je wurin shugabana na rufe ƙofa na gaya masa. Ya saurara yana juya biro. Ya ce ai tun farko bai yarda da labarin tsutsa ba. Ya ce amma fayil ya rufu, shi ya sa hannu a wasiƙar da aka aika, in aka buɗe maganar ba ni kaɗai zan sha ba. Ya ce tsohon ma saura kaɗan ya yi ritaya, gadin ƙofa ya fi masa sauƙi. Ya ce in je in yi istigfari in riƙe aikina. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, da na fito daga ofishin sanyi na ji a raina. Na so a hana ni, aka kuwa hana ni. Da na je Bungudu mahaifina ya tambaya, na ce na faɗa wa shugabana. Ya ce, "Sai me?" Na ce suna dubawa. Bai sake tambaya ba, kuma ya daɗe bai aike ni ko'ina da sunansa ba.

Sai da wata huɗu suka wuce na iya zuwa wurin dattijon ni kaɗai. Na same shi da la'asar yana gyara wata 'yar bishiya da ya dasa a cikin tsohon bokiti a gefen ƙofa. Na durƙusa na ce ni na kawar da gungumen, na yi ƙarya, ya yafe mini.

"Awo, na sani," ya ce. "Washegari na koma na ga inda ka ja shi. Kwanon ma na tsince shi cikin haki."

"Me ya sa ba ka nuna musu ba, Baba?"

"Na ce na rufe. Sun tambaye ni sun tambaye ka, suka ɗauki taka. In na kawo kwano sai su ce yanzu na rubuta." Ya ci gaba da tsinke busassun ganye. "Kuma na ga ƙafarka ba ta warke ba."

Na sake roƙonsa gafara. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana duka. Ya faɗa a sauƙaƙe, kamar mai amsa gaisuwa, har na so a ce ya zage ni. Sannan ya ce yana da buƙata ɗaya. Tun da aka kawo shi bai sami zuwa gandun ba, ranar hutunsa ɗaya ce kuma gida yake zuwa. In na samu hali in je in dubo masa dashen, in zo in gaya masa.

Na je. Wanda aka tura a madadinsa yana zaune a cikin gari, sai jefi-jefi yake leƙawa. Ba wanda ya mayar da gungumen. Babura sun ci gaba da bin hanyar ƙasa a kan sawun da na buɗe, shanu sun bi bayansu. Kwazazzabon ya cinye wurin da na faɗa har ya wuce. Na bi layukan da ƙafa ina neman abin da ya rage. A hanyar dawowa na yi ta shirya yadda zan ce masa da yawa sun kama. Da na tsaya a gabansa na kasa.

"Kaɗan suka rage, Baba. Ba su fi goma ba."

"Waɗanne?"

"Maɗatai, na can sama kusa da dutse."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Su ne na fara shukawa. Sun fi daɗewa a leda." Sannan ya tambaye ni ko mahaifina yana lafiya.

Shekara ta gaba ya yi ritaya ya koma ƙauyensu. Na yi ta cewa zan je in gaishe shi, ban je ba. Na yi aure, aka ƙara mini girma, aka dawo da ni Gusau. Bayan wasu shekaru wani direban ma'aikatarsu ya gaya mini ya rasu kwana biyu da suka wuce. Na hau mota zuwa Mada, daga nan na hau acaɓa.

Da na isa wurin zaman makokin na faɗi ko ni wane ne, babban ɗansa, magidanci sa'ana, ya kama hannuna da hannu biyu ya kai ni tabarmar gaba cikin dattawa. Aka kawo mini fura. A cikin hira wani ya ce marigayi bai ƙara samun lafiya sosai ba tun da aka raba shi da daji. Ɗan ya ce haka ne, amma mahaifinsu ya gaya musu tsufa ne ya sa aka ɗauke shi, doka ce ta gwamnati. A nan na gane bai taɓa gaya wa iyalinsa ba.

Da na tashi tafiya ɗan ya rako ni. A bayan gida, kusa da rumbuna, na tsayar da shi na faɗa masa abin da ya faru daga farko har ƙarshe. Yana sauraro yana kallon ƙasa. Da na gama ya ɗago kai.

"Malam," ya ce, "shi bai so mu sani ba. Da ka bari ko sadakar uku mun yi."

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce ba komai. Ya raka ni har inda mai acaɓa ke jira, ya ce in gaida gida, ya juya ya koma wurin masu gaisuwa.